Indararon Akwatin Kifi: Dabarar Hana Ɗaki Ambaliya In An Ɗauke Wuta

Duk wanda ya san unguwar Ali Kazaure da ke cikin garin Jos ya san gidajenta a haɗe suke, bango na jingine da bango, kuma gida guda yakan ɗauki 'yan haya da dama. A irin wannan zama, ruwan da ya zube a ɗakin wani ba a nan yake tsayawa ba, sai ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya je ya gai da maƙwabci. Saboda haka mutumin da ya yi sha'awar ajiye kifi cikin akwatin gilashi a falonsa, kafin ya tambayi kuɗin kifin, kamata ya yi ya tambayi kansa, in an ɗauke wuta da tsakar dare ina ruwan nan zai nufa?

Ajiye kifi domin ado ba sabon abu ba ne a duniya. Mutanen ƙasar Sin sun fi shekara 1,000 suna kiwon jan kifin nan mai ruwan zinariya, kuma a shekarar 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi na farko domin jama'a a gidan namun daji na London. Jos kuwa ta dace da wannan kifi, domin garin yana bisa tudu kusan ƙafa 4,000 daga bakin teku, shi kuma kifin yana jure sanyi. Ɗan'uwa ne ga kifin nan kaf, wanda aka kawo daga Turai zuwa gonar kifi ta Panyam, a ƙasar Mangu, cikin shekarun 1950.

Abin Da Ya Kawo Maganar Indararo

Kifi a ruwan da yake sha yake kashi. Kashin nan da ragowar abinci su ne ke rikiɗa su zama guba, wadda ake kira amoniya. Maganinta shi ne a riƙa bi da ruwan ta cikin soso da tsakuwa, inda waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke zama suna cinye gubar. Masu babban akwati sukan ajiye tanki na biyu a ƙarƙashin tebur su zuba soson da tsakuwar a ciki. Ruwa ya sauko daga sama ya tace, ɗan injin lantarki ya sake tura shi sama, haka dare da rana.

To, hawan ruwa aikin inji ne, saukowarsa ita ce magana. Wanda bai sani ba sai ya tsoma tiyo ya zuƙo, kamar yadda yaron mota ke zuƙo mai daga tanki. Muddin da wuta, lafiya lau. Da an ɗauke, inji ya tsaya, amma tiyo bai san an ɗauke ba, sai ya yi ta janyo ruwa har tankin ƙasa ya cika ya batse, a wayi gari tabarma na iyo, kifi na kwance kan tsakuwa. In kuwa an ɗage bakin tiyon kusa da saman ruwa, zai shaƙi iska ya daina ja, sa'an nan da an maido wuta inji ya kwashe ruwan ƙasa ya tura sama, akwati ya tumbatsa, injin ya yi ta gudu babu ruwa har ya ƙone. Ga asarar kifi da ta inji, ga ruwa kusa da wayar lantarki, ga kuma maƙwabci a bakin ƙofa.

Maginan gargajiya sun daɗe da sanin cewa ba a gama soro sai an sa masa indararo, watau a yi wa ruwa hanya tun bai zo ba. Abin da akwatin kifi ke bukata ke nan. Waɗansu sukan huda gilashin su sa bututu, amma wannan sai da abin huji na musamman, kuma akwai irin gilashin da aka gasa, wanda da an taɓa shi da abin huji zai tarwatse. Indararon ratayawa kuwa ba ya bukatar a huda gilashi, kuma mutum na iya haɗa shi da hannunsa.

Kayan Aiki Da Yadda Ake Haɗawa

Ana bukatar ƙananan akwatuna biyu, ko dai robobin ajiye abinci masu kauri, ko kuwa guntayen gilashi daga wurin masu yankan gilashi, a liƙa su da gam ɗin silikon. Sai bututun roba mai inci 1, da mahaɗin tanki mai roba a wuya irin wanda masu gyaran famfo ke sa wa tankin ruwa, da kuma tiyo mai kauri wanda ake ganin cikinsa. A lura da abu biyu. Silikon ɗin da aka yi domin banɗaki yana da maganin hana fumfuna, shi kuwa yana kashe kifi, don haka a nemi wanda babu komai a cikinsa, a kuma bar shi kwana 2 ya bushe. Na biyu, kada ƙarfe ko tagulla ya taɓa ruwan.

Akwati ɗaya zai zauna cikin ruwa, ɗayan a waje, a rataye su baya da baya a kan leɓen gilashin. Na cikin, a yanka masa haƙora a bakinsa kamar na mataji, zurfin santimita 2, tsakaninsu ƙunci yadda ƙaramin kifi ba zai wuce ba. Ta nan ruwan sama-sama, wanda ya fi datti da maiƙo, zai riƙa zubawa. Na wajen kuma a huda gindinsa, a ɗaura mahaɗin tanki, a tsayar da guntun bututu a ciki, bakinsa ya kasance ƙasa da haƙoran akwatin ciki. Daga ƙarƙashi sai a ja bututu zuwa tankin ƙasa.

Sa'an nan a lanƙwasa tiyon nan ya haye leɓen gilashi, baki ɗaya a akwatin ciki, ɗaya a na waje. A nan asirin aikin yake: tilas ne bakunan nan biyu su sauka ƙasa da bakin guntun bututun da aka tsayar, da misalin santimita 4. In an yi haka, ko wuta ta kwana uku ba ta dawo ba, akwatunan za su riƙe ruwan da zai rufe bakunan, iska ba za ta shiga ba. Ruwan babban akwati zai sauka ya tsaya daidai gindin haƙora, da inji ya tashi kuma ja ya ci gaba da kansa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, haka tiyon nan yake, in ya rasa na cikinsa ba ya ja.

Ranar farko za a cika akwatunan biyu da ruwa, a zura siririn tiyo har ƙololuwar lanƙwasar, a zuƙe iskar duka, a toshe bakinsa da yatsa a zare. Saura abu ɗaya da mutane suka cika mantawa. Bututun da ke mai da ruwa sama shi ma yakan juya ya zama mazuƙi in inji ya tsaya. Maganinsa a yi masa ɗan huji kaɗan ƙasa da saman ruwa, domin da ruwa ya sauka ya shaƙi iska ya saki.

Ɗan Lissafi Kafin A Zuba Kifi

Akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 40, tsayi 45, yana cin lita 162, nauyin ruwan kaɗai kilo 162 ke nan, ban da gilashi da tsakuwa. Saboda haka in za a je Kasuwar Katako neman itacen tebur, a gaya wa kafinta gaskiyar abin da zai ɗauka. Kowace santimita ɗaya ta zurfin wannan akwati lita 3.6 ce. In ruwa zai sauka santimita 3 lokacin da aka ɗauke wuta, kusan lita 11 za su gangaro, ga kuma abin da ke cikin bututu. Don haka a bar wa tankin ƙasa sarari na lita 20, a ja layi da fenti a wurin, kada a taɓa cika shi ya wuce layin.

Haka kuma a ɗora injin bisa wani abu, yadda ko tiyo ya daina ja, abin da zai iya turawa sama ba zai wuce sararin da ya rage a bakin akwati ba. Soket ya kasance sama da tankin, a kuma bar waya ta yi lilo ƙasa kafin ta hau, domin ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa.

Bayan an gama, kada a jira dare ya yi gwajin. Da rana tsaka, mai akwati ya kashe injin da hannunsa, ya zauna ya ga inda ruwa zai tsaya sama da ƙasa, sa'an nan ya kunna ya ga ko ja zai tashi da kansa. Ya yi haka sau uku. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, saboda maganin da ake sa masa. Kifi kuma a riƙa sa su kaɗan-kaɗan, domin ƙwayoyin da ke cin gubar sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su zauna sosai.

Kulawa ba ta da yawa, amma ba a fasa ta. Kowace safiya a dubi ƙololuwar tiyo, in an ga kumfar iska ta fara taruwa a zuƙe ta, domin ita ce kan girma ta yanke ja, musamman in ruwa na tafiya a hankali. Mai hali ya sa tiyo biyu. Kowane mako a share haƙora da ɗan hujin nan daga gansakuka. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iskar Jos na shan ruwa ƙwarai, kuma ragin ba a sama yake nunawa ba, a tankin ƙasa ne inda ido ba ya kaiwa. Sai a riƙa leƙawa ana ƙarawa zuwa layi.

Wanda ya kiyaye waɗannan, in an ɗauke wuta ƙarfe biyun dare, abin da zai ji kawai shi ne ƙarar ruwa na ɗan lokaci sa'an nan shiru, ya gyara bargo ya ci gaba da barcinsa. Allah ya ba da sa'a.