Gaskiya ko Jita-jita: Shinge Zai Raba Manomin Inabi da Feshi?

Ana yawan cewa in ka kewaye gonar inabi da itatuwa da shinge, kai da maganin ƙwari sai labari. Maganar tana da tushe, amma an yi mata gishiri.

A Kalifoniya ta Amurka akwai wani ɗan ƙwaro mai tsalle da ke tsotse ruwan ganyen inabi har ganyen ya yi ɗige-ɗigen fari. Dodonsa wani zanzaro ne da bai kai milimita ɗaya ba, ana kiransa Anagrus. Macen tana neman ƙwan ƙwaron da ke binne cikin ganye, ta saka nata a ciki, tsutsarta ta cinye shi tun bai ƙyanƙyashe ba. To amma da hunturu inabi kan kaɗe ganye, babu ƙwan da zanzaron zai fake a ciki. A shekarun 1960 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya suka gano inda yake komawa: kurmin wata ƙaya mai 'ya'ya da ake kira bilakberi, a bakin rafuka. Gonakin da ke kusa da rafi su ke fara samun zanzaron da bazara. Daga baya aka ga itatuwan fulam ma suna ba shi mafaka. A yankin Bodo na Faransa kuma an binciki kashin jemagu, aka tarar suna cin ƙwaron da tsutsarsa ke huda 'ya'yan inabi. Wannan ɓangaren gaskiya ne.

Sai dai wanda ya ce kowace bishiya alheri ce bai je kwarin Napa ba. Wannan bilakberin dai shi ke ɓoye wani ƙwaron da ke yaɗa cutar Piyas, wadda ke toshe jijiyoyin ruwa na inabi har kurangar ta bushe, kuma ba ta da magani. Layukan da ke daf da rafi su suka fi mutuwa. Ga kuma tsuntsaye, waɗanda ba sa jiran gayyata in 'ya'ya sun nuna.

Batun daina feshi ɗungurungum kuwa jita-jita ce. Fumfunar da ke lulluɓe ganye da 'ya'ya ba ƙwaro ba ce, babu zanzaron da zai ci ta. Shinge mai duhu da ya tare iska ma ƙara mata ƙarfi yake yi.

Manoman inabi na Kudan a jihar Kaduna, kafin ku dasa shinge ku tambayi malamin gona wane ƙwaro ne ke kwana a cikin itacen da za ku dasa.