A Buɗe Cikin Kwamfuta Kafin A Biya Kuɗi

A Lafiya, inda Jami'ar Tarayya ta fara aiki cikin 1 ga jerin sababbin jami'o'in 2011, shagunan buga takardun ɗalibai da yawa sun dogara ne ga kwamfutocin tebur na gwanjo, irin su Dell da HP. Da zarar na'ura ta fara nawa, sai mai ita ya ruga neman katin hoto mai tsada. To, a nan jari kan salwanta. Abin da ya kamata shi ne a fara ɗaga RAM daga gigabait 4 zuwa 8, bayan an tabbatar ko DDR3 ce ko DDR4, domin wannan ba ta shiga ramin waccan. Katin hoto kuwa na mai zane ne ko mai tace bidiyo, shi ma ƙarami irin GT 1030 mai cin wat 30, don kuwa akwatin wutar waɗannan kwamfutoci ba ya ɗaukar babba.