Gasar TBL: Inda Ƙananan Garuruwan Amurka Ke Da Nasu Gwarazan Ƙwallon Kwando

Da zarar an ambaci ƙwallon kwando a ajinmu, sunayen da ake kira ba su wuce LeBron James da Stephen Curry ba. Sai ka ɗauka duk wanda ya iya jefa ƙwallo a Amurka yana gasar NBA ne. Alhali ƙungiyoyin NBA 30 ne kacal, kuma sabbin 'yan wasan da ake zaɓa a shekara ba su wuce 60 ba. To sauran dubban samarin da suka gama buga wa jami'o'insu fa, ina suke dosa?

Wasu su samu gurbi a G League, wadda ke ƙarƙashin NBA. Wasu su tsallaka Turai ko Asiya. Wasu kuma su faɗa ƙananan gasa irin su The Basketball League, wadda aka fi sani da TBL.

An fara gasar ne a 2018 da wani suna daban, kafin ta koma TBL. Shugabarta, Evelyn Magley, ita ce baƙar fata mace ta farko da ta mallaki gasar ƙwararrun maza a Amurka. Mijinta David Magley, wanda ya taɓa buga wa Cleveland Cavaliers, shi ne abokin tafiyarta a harkar.

Abin da ya ja hankalina shi ne garuruwan da ƙungiyoyin suke. Akwai Kokomo BobKats a jihar Indiyana. Akwai Potawatomi Fire a garin Shawnee na jihar Okalahoma, mallakin al'ummar Potawatomi, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, wadda ta ɗauki kofi a 2023 da 2024. Waɗannan wurare ne da NBA ba za ta taɓa kai ƙungiya ba. Saboda haka mutanen gari suka rungumi nasu. Kuɗin shiga kallo da sauƙi, magidanci zai iya kwasar iyalinsa su je. Idan an tashi wasa, yara su sauko fili su gaisa da 'yan wasa, su ɗauki hoto. Su ma 'yan wasan sukan ziyarci makarantu, su koya wa ɗalibai wasa.

Sai dai rayuwar ba ta da daɗi kamar yadda ake gani a hoto. Albashin bai taka kara ya karya ba, kakar wasan 'yan watanni ce, don haka da yawa sai sun haɗa da wani aikin. Ƙungiya kan iya bugawa bana, baɗi a neme ta a rasa saboda rashin kuɗi. Ɗan wasa na bugawa ne da fatan wani mai farautar 'yan wasa zai ga bidiyonsa ya kira shi wata ƙasa. Idan ya ji rauni, wataƙila shi ke nan.

Duk da haka, raina ƙaramar gasa kuskure ne. Ƙungiyar Albany Patroons, da ta ci kofin TBL a 2019, ta yi wasanninta ne a wani tsohon ɗakin ajiye makaman soja a birnin Albany. A wannan ƙungiya Phil Jackson ya yi koci har ya ci kofin tsohuwar gasar CBA a 1984. Daga baya ya ɗauki kofin NBA sau 11 da Chicago Bulls da Los Angeles Lakers.

Mu ma muna da namu misalin. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, bai taɓa buga NBA ba. A ƙananan ƙungiyoyin Turai ya yi wasansa, sannan ya fara farautar 'yan wasa wa Orlando Magic ba tare da albashi ba. A 2019 shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA.

Don haka ɗan'uwa mai atisaye a filin makaranta kullum da yamma, ci gaba da jifa. Amma ka riƙe littafinka da kyau, domin harkar na buƙatar koci, alƙalin wasa, likitan ƙashi, mai sharhi da manaja, kuma kowannensu da karatu ya kai inda ya kai.