Waƙafi ɗaya, dala miliyan 5: Abin da ya kamata a sani game da alamomin rubutun Turanci

A watan Fabrairun 2018, wani kamfanin sarrafa madara mai suna Oakhurst Dairy da ke jihar Maine a Amurka ya amince zai biya direbobinsa dala miliyan 5, bayan shari'ar da aka fara tun 2014. Abin da aka yi ta jayayya a kansa bai kai girman ƙwayar gero ba. Waƙafi ne guda ɗaya da ba a saka ba a cikin wata jimla ta dokar ƙwadagon jihar.

Dokar ta jero ayyukan da ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci a kansu, ta kuma rufe jerin da kalmomin "packing for shipment or distribution". Kamfanin ya ce ayyuka biyu ake nufi: ɗaure kaya daban, rarraba su daban, saboda haka direba mai rarraba madara ba shi da haƙƙin kuɗin ƙarin lokaci. Direbobin kuwa suka ce aiki ɗaya ne, wato ɗaure kayan da za a aika ko za a rarraba, su kuma ba su ɗaure komai, tuƙi kawai suke yi. Da a ce akwai waƙafi bayan kalmar "shipment", da maganar kamfanin ta tabbata. Da yake babu, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2017 cewa jimlar na da fuska biyu, ta kuma fassara ta yadda za ta amfani ma'aikata. Daga baya majalisar jihar ta sake tsara jerin, ta raba kowane aiki da waƙafi mai ruwa.

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A Najeriya, inda Turanci ne harshen takardun gwamnati da na banki da na kotu, wannan karin magana ta shafi duk wanda yake sa hannu a yarjejeniyar haya, ko takardar kwangila, ko rasit, ko sanarwar ofis.

Daga ina alamomin suka fito?

Girkawan dā suna rubutu ne ba tare da barin fili tsakanin kalmomi ba, mai karatu ne ke laluben inda zai tsaya. Wani malami mai suna Aristofanis, wanda ya shugabanci shahararren ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar kimanin shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ake jingina wa tsarin ɗige-ɗigen da ke nuna wa mai karatu da murya inda zai ɗan dakata da inda zai ja dogon numfashi. Bayan zuwan injin ɗab'i, wani maɗaba'i a birnin Benis na Italiya, Aldus Manutius, ya taimaka wajen daidaita siffar waƙafi da waƙafi mai ruwa a ƙarshen ƙarni na 15.

Tun daga nan aikin alamomin ya riƙa sauyawa. A da jagoran numfashi ne. A Turancin yau jagoran ma'ana ne, suna nuna yadda sassan jimla suka danganci juna. Wannan ne ya sa shawarar nan da aka saba ji a makaranta, cewa a sa waƙafi duk inda numfashi ya tsaya, take yawan jefa mutane cikin kuskure. Ita kanta kalmar "waƙafi" daga Larabci Hausa ta aro ta, ma'anarta tsayawa, amma a rubutun Turanci ba kowace tsayawa ce ke neman waƙafi ba.

Aya da babban baƙi

Aya ce ke rufe cikakkiyar jimla, wadda ke biye da ita kuma ta fara da babban baƙi. Kuskuren da ya fi yawa a wasiƙun ofis shi ne haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kawai, kamar "The goods have arrived, payment is due on Friday". Daidai shi ne a raba su da aya, ko da waƙafi mai ruwa, ko a haɗa su da kalma irin su "and". Sunan mutum da na gari da na wata da na ranar mako duk da babban baƙi suke farawa, ko a tsakiyar jimla ne.

Waƙafi

Shi ne ya fi kowace alama aiki, shi ne kuma ya fi jawo rigima. Manyan ayyukansa huɗu ne: raba abubuwan da aka jero, ware bayanin da ya gabaci ainihin jimla, ware sunan wanda ake yi wa magana, da kuma killace ƙarin bayanin da jimla za ta iya tsayuwa ba tare da shi ba.

Na ƙarshen nan ne ya fi shafar ma'aikacin gwamnati. A duba waɗannan jimloli biyu:

"The contractors who missed the deadline will not be paid."

"The contractors, who missed the deadline, will not be paid."

Ta farko tana nufin waɗanda suka saɓa wa'adi daga cikin 'yan kwangilar ne kaɗai ba za a biya ba, sauran za su karɓi kuɗinsu. Ta biyu tana nufin dukansu sun saɓa wa'adi, kuma babu wanda za a biya. Kalmomin ba su canza ba ko ɗaya, amma waƙafi biyu sun hana mutanen da suka cika alkawari haƙƙinsu.

Haka abin yake a kanti. Ɗan kasuwar da ya aika wa yaron shagonsa saƙo cewa "No more credit for him" ya ce a daina ba mutumin bashi. Idan yatsa ya zame aka samu "No, more credit for him", an ce a ƙara masa.

Akwai kuma waƙafin da ake sakawa kafin "and" ko "or" a ƙarshen jeri, wanda ake kira waƙafin Oxford saboda maɗaba'ar jami'ar Oxford ce ta shahara da amfani da shi. Yawancin jaridun Birtaniya ba su cika sa shi ba, yayin da littattafai da yawa a Amurka ke sa shi. Duk biyun karɓaɓɓu ne. Abin lura shi ne inda rashinsa zai haifar da ruɗani, kamar yadda ya faru a shari'ar direbobin madara, a nan sa shi ya zama dole.

Waƙafi mai ruwa da ruwa biyu

Waƙafi mai ruwa ya fi waƙafi ƙarfi, bai kai aya ba. Ana haɗa cikakkun jimloli biyu masu kusancin ma'ana da shi, ana kuma raba dogon jerin da sassansa ke ɗauke da nasu waƙafan. Misali, jerin mahalarta taro inda kowane suna ke tafe da muƙami: "Musa Bello, Director, Hauwa Sani, Accountant, Ali Garba, Storekeeper". Da waƙafi zalla aka yi amfani, mai karatu zai iya ƙirga mutum shida maimakon uku.

Ruwa biyu kuwa sanarwa ce cewa bayani ko jeri na tafe. Ƙa'idar ita ce abin da ya gabace ta ya zama magana mai iya tsayuwa da kanta, kamar "Bring three documents: your letter, your ID card and two photographs".

Alamar mallaka

Wannan ita ce ɗan waƙafin da ake ɗorawa a sama. Mai karatun Hausa ya saba ganinta a kalmomi irin su "sa'a" da "ma'aikaci", inda take wakiltar alhamza. A Turanci aikinta daban ne, kuma iri biyu ne: tana nuna mallaka, tana kuma nuna an shafe wani harafi, kamar a "don't".

Wurin da aka ɗora ta yana faɗin adadin masu abu. "The director's allowance" alawus ne na darakta ɗaya. "The directors' allowance" na daraktoci ne da yawa. A takardar amincewa da fitar da kuɗi, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Sai kuma "its" da "it's": na farko mallaka ne, na biyu gajarta "it is" ne ko "it has". Jam'i na yau da kullum ba ya buƙatar alamar ko kaɗan, don haka allon shagon da aka rubuta "Shoe's and Bag's" ya yi kuskure sau biyu a layi ɗaya.

Karan ɗori

Karan ɗori yana ɗaure kalmomi biyu su zama abu guda. Mai odar man girki da ya rubuta "twenty five-litre cans" yana neman jarka 20 masu cin lita 5 kowacce. Wanda ya rubuta "twenty-five-litre cans" yana neman jarkoki masu cin lita 25, bai ma faɗi guda nawa ba. A ofis kuma, "re-sign" na nufin a sake sa hannu, "resign" na nufin a ajiye aiki.

Amurka ta taɓa ɗanɗana kuɗar wannan alama. A dokar harajin shigo da kaya ta 1872, an yi nufin yafe haraji ga dashen itatuwan marmari, amma aka rubuta "fruit, plants" da waƙafi a tsakani. Masu shigo da lemo da sauran kayan marmari suka ce ai dokar ta yafe musu su ma. Gwamnati ta yi asarar kimanin dala miliyan 2 na wancan zamani kafin majalisa ta gyara rubutun a 1874 ya koma "fruit-plants".

Lambobi da kwanan wata

A nan ne ɗan kasuwar da ke hulɗa da Maraɗi ko Damagaram ko Garwa ya kamata ya buɗe ido. A Turanci, waƙafi ne ke raba dubbai, aya kuma ke raba cikakken adadi da ɓangarensa: 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 1.5 kuma ɗaya da rabi. A Faransanci, wanda da shi ake rubuta takardu da yawa a Nijar da Kamaru da Chadi, waƙafi ne ke yin aikin ayar: 1,5 shi ne ɗaya da rabi, dubbai kuma fili ake bari a tsakaninsu, kamar 1 500. Takardar kaya ɗaya za ta iya samun karatu biyu a ɓangarori biyu na iyaka. Maganin abin shi ne a rubuta adadi da lambobi, a kuma maimaita shi da kalmomi, kamar yadda ake yi a cekin banki.

Kwanan wata ma haka ne. Najeriya na bin tsarin Birtaniya, rana kafin wata, don haka 3/4/2025 na nufin 3 ga Afrilu. Ba'amurke zai karanta shi a matsayin 4 ga Maris. Wanda ke odar kaya daga waje ya fi samun kwanciyar hankali idan ya rubuta sunan watan da haruffa.

Birtaniya ko Amurka?

Tsarin biyu sun sha bamban a wasu ƙananan wurare. Amurkawa kan sa aya bayan "Mr." da "Dr.", Turawan Birtaniya kan bar su haka nan. Amurkawa kan cusa aya da waƙafi cikin alamar zance a kowane hali, 'yan Birtaniya kuwa sukan duba ko alamar na cikin ainihin maganar da aka ɗauko. Babu wanda ya fi wani daidai. Abin da ake so shi ne takarda ta riƙe tsari ɗaya daga farko har ƙarshe. Da yake yawancin kwamfutoci da wayoyi da tsarin Amurka suke zuwa, yana da kyau magatakarda ya duba harshen da aka saita wa na'urarsa.

Kafin a sa hannu

Wata shari'a a Kanada ta nuna amfanin samun takarda cikin harshe biyu. Kamfanonin sadarwa na Rogers da Aliant sun yi jayayya kan yarjejeniyar amfani da turakun waya, wadda aka ƙulla ta shekara biyar-biyar. A 2006 hukumar kula da sadarwa ta ƙasar ta ce wani waƙafi a cikin jimlar ya ba Aliant damar soke yarjejeniyar a kowane lokaci, muddin ya ba da sanarwar shekara ɗaya. A 2007 hukumar ta janye wannan hukunci bayan ta duba kwafin Faransanci na yarjejeniyar, inda ma'anar ta fito fili.

Ba kowa ne ke da kwafi na biyu da zai cece shi ba, amma kowa na iya yin abin da ya yi kama da haka. Duk jimlar da ta shafi kuɗi, ko wa'adi, ko wanda zai ɗauki asara, a gwada faɗinta da Hausa kafin a sa hannu. Idan ta ba da fassara biyu, to ba ta gama rubutuwa ba. A datse doguwar jimla ta zama gajeru biyu ko uku, a jero sharuɗɗa da lamba kowanne a layinsa, a kuma nemi wani ya karanta ya faɗi abin da ya fahimta. Idan yarjejeniyar mai nauyi ce, kuɗin da za a ba lauya ya duba ta bai kai wanda za a kashe a kotu ba.

Ga ma'aikacin da ke tsara sanarwa kuwa, ya tuna cewa ba zai kasance a wurin ba lokacin da za a karanta takardarsa a wata ƙaramar hukuma mai nisa. Mai magana da baki yana da murya da fuska da hannu da zai gyara zancensa da su. Mai rubutu ba shi da kowa sai waɗannan 'yan alamomi, kuma abin da suka faɗa shi za a yi aiki da shi.