Wai mene ne "plug"? Daga fulogin babur zuwa "plug ɗina"

Kwanan baya a wani shagon caji a Rogo na ji wani matashi yana ce wa abokinsa, "Ai ina da plug a Zoo Road, waƙata ta kusa shiga fim." Wani dattijo da ya zo karɓar wayarsa ya ce, "Yaro, fulogi har sai an je Kano? Ga shi nan wajen bakanike." Aka kwashe da dariya. Amma fa baba bai yi kuskure ba, kalmar ɗaya ce.

Asalin ma'anarta toshiya. Turawan Ingila sun aro ta daga Holanci a ƙarni na 17, sunan abin da ake toshe rami ko bakin ganga da shi. Daga nan duk abin da ake cusawa a rami ya gaji sunan. Akwai fulogin babur da janareta da injin ban ruwa na masu noman rani a kusa da dam ɗin Challawa na Karaye, wanda tartsatsinsa ke kunna fetur. Akwai kuma kan waya mai ƙafa uku da muke cusawa a soket. To tunda na lantarki wuta yake jonawa, sai kalmar toshewa ta koma kalmar haɗawa.

A harkar waƙa ta daɗe. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, kamfanonin da ke buga waƙa a takarda a birnin New York suna ɗaukar masu kaɗa fiyano su yi ta maimaita sabuwar waƙa har mutane su saya. Sunansu "song plugger", kuma George Gershwin da wannan aikin ya fara a 1914 yana ɗan shekara 15. Shi ya sa idan jarumi ya zo hira ya yi ta cusa zancen sabon fim ɗinsa, Bature zai ce plug ya yi, wato talla. "Unplugged" kuwa waƙa ce da aka zare wa kayan lantarki, kamar shirin da MTV ta fara a 1989. Mu ai da kalangu da kuntigi muka daɗe a wannan layin. A situdiyo ma akwai "plug-in", ƙaramar manhajar da ake jona wa babba. Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ita ce ke ba muryoyin waƙoƙin Kannywood wannan lanƙwasa da kuka sani. Idan kuma aka ce an yi wa fim "pull the plug", mai kuɗi ya janye, aiki ya tsaya.

Sai ma'anar da matashin can yake nufi: mai hanya, wanda zai haɗa ka da abin da kake nema. Akwai ma kamfani a Legas mai suna The Plug, wanda Asa Asika, manajan Davido, da Bizzle Osikoya suka kafa. Amma a bakin mawaƙan gambarar Amurka, plug dillalin ƙwaya ne, a kansa Rich the Kid ya yi "Plug Walk" a 2018. Don haka kafin ka rubuta "ni ne plug" a kan hotonka, ka san ba kowa zai karanta shi da ma'anar data da tikiti ba.

Ni dai abin da ya fi damuna masu cin kuɗin yaran ƙauye da wannan suna. Mai hanya na gaske zai gaya maka sunan furodusa da situdiyo da ranar zuwa. Wanda ya fara da "turo kuɗin fom" ya koma ma'anar farko, toshe ka zai yi. Matashin nan da na tambaye shi sunan fim ɗin, cewa ya yi plug ɗin bai faɗa masa ba tukuna, amma ya riga ya tura kuɗin buhun masara guda.