Ƙashi Ma Dashe Ne, Yana Son Ban-Ruwa

Duk wanda ya taɓa noman albasa a Adar ya san ranar dashe ba ranar wasa ba ce. Ka cire iri daga inda ya tsiro, ka kafa shi a fangali, idan ruwa bai bi shi a kan lokaci ba, kafin la'asar ya kwanta. Likitocin da ke gyaran fuska da gaɓoɓi su ma dashe suke yi, sai dai nasu irin ƙashi ne, ruwansu kuma jini.

Yawancinmu a kan teburin mahauci muka san ƙashi, shi ya sa muke ɗaukarsa kamar busasshen icce. Na jikin mai rai daban ne. Yana da ɓargo, yana da tantani mai lulluɓe shi, kuma ƙananan hanyoyin jini sun ratsa shi ko'ina. Da jinin yake ci, da shi yake haɗewa idan ya karye, da shi magani ke isa gare shi. Ranar da jini ya yanke, ƙashin ya mutu ko da yana nan a mazauninsa. Masu amosanin jini da kan ƙashin ƙugunsu ya lalace sun san wannan a jikinsu.

Wa ke buƙatar dashen ƙashi? Saurayin da ya faɗi da babur tsakanin Barmu da Tawa, ƙaurinsa ya farfashe har wani yanki ya tafi. Matar da ƙari ya cinye wa muƙamuƙi, dole aka yanke shi. Da yaron da ya tsira daga cutar noma, wadda ba ta da haɗi da gona: kalmar Girkanci ce mai ma'anar cinyewa, kuma haka take yi wa kumatu da ƙashin fuskar yara masu shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana.

Tsohuwar hanya ita ce a yanko guntu daga ƙashin ƙugu ko haƙarƙari a cike gurbin, ba tare da jijiya ba. A nan akwai abin mamaki: mafi yawan ƙwayoyin rai na guntun mutuwa suke yi cikin 'yan kwanaki. Abin da ya rage ginshiƙi ne kawai. Sai ƙananan jijiyoyi su tsiro daga naman da ke kewaye, su kutsa cikinsa, jiki ya riƙa rushe tsohon yana aza sabo, kamar maginin da ke sabunta katanga tubali-tubali ba tare da ya kayar da ita ba. Wani likitan Amurka, Dallas Phemister, ya bayyana wannan tun 1914. Aikin watanni ne, kuma ya fi yin kyau idan gurbin bai wuce kamar santimita 6 ba, naman wurin kuma lafiyayye ne.

To idan wurin faƙo ne fa? Tabon noma, ko naman da aka gasa da hasken maganin daji, ko wanda ya daɗe yana ruwa, ba shi da jijiyoyin da zai ba baƙo. A dasa ƙashi a nan, ko ya narke ko ya ruɓe.

Mafita ta zo a 1975 daga Melbon ta Ostareliya, inda Ian Taylor da abokan aikinsa suka ɗauko siririn ƙashin nan da ke gefen ƙwauri tare da jijiyoyinsa, mai kawo jini da mai mayarwa, suka kai shi ɗaya ƙafar, suka ɗinke su da jijiyoyin can. Kaurin jijiyar milimita 2 ne zuwa 3, zaren ɗinkin bai kai kaurin gashin kai ba, sai a ƙarƙashin madubin ƙara girma ake ganin aikin. Da an saki abin da aka matse jijiyoyin da shi jini ya bi, ƙashin bai ma san ya yi ƙaura ba; haɗewa yake yi kamar karaya. A 1989 David Hidalgo a birnin Niyok ya nuna ana iya gina muƙamuƙi da shi: a tsaga shi wuri biyu ko uku, a lanƙwasa shi ya yi siffar haɓa, jijiyar na nan a manne. Ana samun har santimita 25, daga baya ma a kafa haƙora. Mutum kuma yana tafiyarsa, domin babban ƙashin ƙwauri ke ɗaukar nauyi, kuma ana barin guntu a idon sawu don kada ya yi lako-lako.

A ganina gwanintar likita rabin aikin ce. Sauran rabin yana hannun ma'aikatan jinya a kwana ukun farko, lokacin da gudan jini ke iya toshe ɗinkin. Akan haɗo ƙashin da 'yar fata don ta zama taga: kowace awa a duba ta, idan ta yi fari jini ba ya shiga, idan ta yi duhu ta kumbura ba ya fita, sai a koma ɗakin tiyata a daren. Wannan na son wutar lantarki marar yankewa da jinin ƙari a ajiye, shi ya sa aikin bai yaɗu a ƙasashenmu ba. Mai shan taba kuwa, shi da kansa ke matse jijiyar da aka yini ana ɗinkawa.

Amma ba a zauna ba. Asibitin yara masu noma na Sakkwato yana aiki tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta Suwizalan ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. A irin waɗannan wurare akan fara da gyaran ƙasa kafin shuka: a ciyar da yaro ya murmure, sannan a jawo fata daga ƙirji ko goshi a rufe ramin, gindinta na manne da asalinsa kamar mako uku har ta kama jini a sabon wuri. Ga karayar ƙafa kuma akwai dabarar Bafaranshe Alain Masquelet: a cike gurbin da simintin ƙashi, a jira mako 6 zuwa 8, jiki ya saƙa masa riga mai yalwar jijiyoyi, a cire simintin a zuba gutsattsarin ƙashin ƙugu a ciki. Ba ta buƙatar madubi.

Maɗoran gargajiya sun haɗa karaya da yawa, ba mai musu, kuma sirrin shi ne a rufaffiyar karaya jinin ƙashi na nan, aikinsu daidaitawa ne da tsarewa. Haɗarin yana wajen ɗauri. Karan da aka tamke fiye da kima a kan hannun da ke kumbura yana yanke jinin gaba ɗaya. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko suka fara baƙi, ko zafi ya ƙi lafawa, a kwance ɗaurin a kama hanyar asibitin Tawa ko Galmi a ranar. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta ɗori ba ce tun farko. Haka yaron da dasashinsa ke jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya kumbura bayan ƙyanda ko zazzaɓi, shi ma a kai shi asibiti: a wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da wanke baki suna tsayar da noma, kuma kwanakin da ake da su kafin kuncin ya huje ba su cika wuce mako biyu ba.