Shayin Guangzhou da Ɗan Kasuwar da Ke Sauri

Sau biyu a shekara, wajajen Afrilu da Oktoba, birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin kan cika maƙil saboda babban baje-kolin da ake yi tun 1957. Cikin masu sauka akwai 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Sabon Gari daga Kano, kuma galibi unguwar Xiaobei suke nufa, inda abincin halal da 'yan'uwa 'yan Afirka ba sa wuyar samu. Wannan sauƙin yana da nasa lahani. Mutum sai ya shekara goma yana zirga-zirga bai san kowa ba ban da dillali da mai loda masa kwantena.

Mai masana'anta a can ba ya son a fara da farashi. Zai zaunar da kai gaban farantin shayi, ya ɗauraye 'yan mitsi-mitsin kofuna da ruwan zafi, ya zubar da jiƙon farko, sannan ya zuba maka. Ɗan kasuwarmu kuwa idonsa na kan agogo, yana ganin ɓata lokaci ake yi, alhali a wannan zaman ne ake auna ko shi mutum ne da za a ɗaga wa ƙafa ranar da kuɗi suka makara. In an zuba maka, ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu ya wadatar a matsayin godiya. Ana danganta al'adar da sarki Qianlong na ƙarni na 18, wai ya fita a ɓoye ya zuba wa baransa shayi, baran ya rasa yadda zai durƙusa ba tare da ya tona asiri ba, sai ya lanƙwasa yatsunsa. Almara ce, amma baƙon da ya yi hakan nan take fuskar mai gida kan saki.

Gayyatar cin abinci ita ce inda Musulmi ya fi shiga tsaka-mai-wuya, ga naman alade, ga giyar da ake ɗaga kofi da ita. Ƙin zuwa ba dabara ba ce. Tun kafin ranar ka faɗa cewa halal kake ci. Musulunci ba baƙo ba ne a birnin: masallacin Huaisheng na cikin mafiya daɗewa a ƙasar, kuma gidajen taliyar Lanzhou na Musulmi suna ko'ina. Ɗaga kofin shayi a madadin giya abu ne karɓaɓɓe, ka dai sassauto da naka ƙasa da na wanda ya girme ka. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin hakan na kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Katin kasuwanci da hannu biyu ake karɓarsa, a duba, kafin a adana. Agogo kuma ba a ba da shi a matsayin kyauta.

Duk waɗannan in ka kuskure za a yi maka uzurin baƙunta. Wanda ba a yafewa shi ne tozarci a bainar jama'a. Kaya sun fito ba yadda aka yi alkawari ba, sai namu ya ɗaga murya gaban ma'aikata. Mai masana'antar zai yi murmushi ya ce a bari ya duba, wanda sau da yawa a'a ce cikin ladabi, daga nan saƙonnin da namu ke aika masa ta manhajar WeChat su daina samun amsa. Abin mamaki, Alhajin da ba zai taɓa tsinka abokin cinikinsa gaban yaran shago a Kano ba, shi ne ke yin haka a can. Da ya ja mutumin gefe, ko ya bi ta bakin wanda ya haɗa su, da an sake kayan ko an rage masa kuɗi.

Sai batun Sabuwar Shekararsu, wadda kan faɗo tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Masana'antu kan rufe na makonni, ma'aikata su tafi garuruwansu. Saƙon barka da shekara ake aikawa a lokacin, tambayar kaya kuma ta jira sai sun dawo.